Darasin Gubar Dalma Bai Ƙare Ba: Ina Muryar Malamai?



A duk taron reshe da muka zauna, da wuya maganganunmu su wuce abubuwa uku: albashi, ƙarin girma, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Ba mu ga laifin hakan ba, domin saboda irin waɗannan buƙatu aka kafa ƙungiyar malamai ta ƙasa tun a 1931. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: idan albashin ya shigo, ina yake zuwa? Wani kaso kemis yake tafiya, wani kasuwar hatsi, wani kuma aljihun mai ba da bashi. To idan maganin da aka saya jabu ne, waken kuma an zuba masa guba, bashin kuma tarko ne, ƙarin da muka yi watanni muna fafutukar samu zai iya salwanta cikin mako guda, wani lokaci har da rai. Ra'ayinmu shi ne, kare lafiyar iyalanmu da kuɗinmu da wurin aikinmu aikin ƙungiya ne, daidai da neman albashi. Hujjarmu mafi ƙarfi kuwa a cikin jiharmu take, ba sai mun yi nisa ba.

A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen bin diddigin sanƙarau suka lura ƙananan yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai a wayi gari an kai shi makwanci. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, ba a ga sauƙi ba. Sai da aka gwada jinin yaran aka gano dalma ce. A lokacin farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka tsunduma haƙar dutse, dutsen kuwa yana ɗauke da dalma mai yawa. Maza suna kawo shi gida a buhu, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga ƙasa da ruwa da kwanon abinci. Binciken da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka yi a 'Yar Galma da Dareta ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa a wannan annoba ta haura 400, dubbai kuma suka buƙaci magani.

Mu tsaya mu dubi abin da ya kashe yaran nan. Iyayensu ba mugaye ba ne, kuma ba sakaci ya kai su ba. Abinci suka fita nema. Uwar da ke dakan dutse da goyo a bayanta tana ganin taimakon gida take yi. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa ƙurar da ke tashi daga turmin tana shiga jinin jaririn, ta wuce zuwa ƙwaƙwalwarsa. Rashin sani ya fi dare duhu. Abu na farko da aka rasa ke nan: wanda zai faɗa, cikin harshen da mutane ke ji, kuma daga bakin da suka amince da shi.

Abu na biyu da aka rasa shi ne murya. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, wato Dareta da 'Yar Galma da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza. Amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai aka bar ta tana jira. Likitoci ba sa iya fara ba yaro maganin fitar da dalma matuƙar gidan da zai koma yana nan da gubarsa, don haka yaran Bagega suka zauna ba magani, alhali an yi alkawarin kuɗin aikin. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu matasa 'yan ƙasa, irin su Hamzat Lawal, suka tasa gwamnatin tarayya gaba da kiraye-kiraye, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗin a watan Janairun 2013, aka yi aikin a wannan shekara. Hukumomi suna nan tun farko, dokoki ma suna nan. Abin da ya motsa su shi ne mutanen da suka ƙi yin shiru, suka riƙa tambaya da hujja a hannu.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne, kuma na yammacin jiha. A 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 2025, aka sake jin rahoton gubar dalma, wannan karon a Ƙaramar Hukumar Bungudu, har Ministan Ma'adinai Dele Alake ya fito ya gargaɗi masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Ashe maganar ta iso ƙofar ajinmu. Yaran da ake magana a kansu suna cikin rajistarmu, ko ƙannensu na nan tafe.

Akwai abin da ya kamata ya fi damun malami a wannan lamari. Dalma ba kullum take kisa ba. Idan kaɗan ce ta shiga jiki, ba a ganin komai a fili, amma tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, ta hana yaro natsuwa, ta sa shi yawan fushi da saurin mantuwa, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Ba mu ce duk yaron da ya kasa karatu dalma ce ta taɓa shi ba. Yunwa ma na yin haka, rashin barci saboda fargabar 'yan bindiga ma na yi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: yara nawa muka kira daƙiƙai, muka ɗaga musu bulala, ba tare da mun taɓa tambayar sana'ar da ake yi a tsakar gidansu ba?

Ba za mu je mu ce wa mutane su bar haƙa ba. Mutumin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba zai saurari wa'azin da bai zo da abinci ba, kuma hanin shekara biyar bai rufe ramukan ba. Abin da za mu iya faɗa mai sauƙi ne, kuma yana ceton rai. Kada a kawo dutse cikin gida. Kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, kada a daka shi a turmin abinci. A jiƙa shi kafin a sarrafa, don ƙura ta kwanta. Wanda ya dawo daga wurin aiki ya wanke jiki ya sauya tufafi da takalmi kafin ya ɗauki yaro. Kada a bar yara da masu juna biyu su kusanci wurin. Masu ƙona zaiba don tace zinariya su nisanci gidaje, domin hayaƙinta wata gubar ce daban. Wannan darasin minti goma ne a taron safe, kuma yaron aji biyar zai iya kai shi gida.

Har a cikin ɗakunan iyayenmu mata akwai abin dubawa. Tozalin dutse, wanda ake ranɗa wa jarirai, sau da yawa daga ma'adinin dalma ake samo shi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar tozalin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na tozalin dalma ce. Jariri yana murza ido ya sa hannu a baki. Mun san kakanni ba za su so jin wannan ba, don haka a faɗa musu cikin ladabi, amma a faɗa.

Idan muka bar dutse muka shiga kasuwar hatsi, matsalar iri ɗaya ce: guba a cikin abin da ake nema don rayuwa. Kowa ya san yadda ƙwari ke cinye wake a ajiya, kuma kowa ya san abin da wasu 'yan kasuwa ke yi don hana hakan, wato yayyafa maganin ƙwari irin su Sniper kai tsaye a kan waken. Wannan magani don feshin gona aka yi shi, ba don abin da za a dafa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, a tukwanenmu ya ƙare, a cikin ƙosai da alalen da ake sayarwa a bakin makarantunmu. Abin takaicin shi ne akwai mafita mai araha. Buhun PICS mai rufi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka kuma gwada shi sosai tare da masu binciken noma a Maraɗi, yana hana iska shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da digon magani ba. Da yawa daga cikinmu manoma ne bayan an tashi daga makaranta. Mu fara da rumbunanmu. Mai saye kuma ya shinshina kafin ya biya. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi.

Haka zancen yake a kan magunguna. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya kashe yara 84 a ƙasar nan. A 2022 wasu magungunan tari da aka shigar daga Indiya suka kashe yara kusan 70 a Gambiya. Waɗannan a kwalba mai kyau suka zo, da tambari. To ina ga wanda ake tallarsa a faranti a tasha, rana na dukansa tun safe, ko wanda ake shelarsa da lasifika ana cewa yana maganin cuta ashirin? Araha ba ta ado. Duba lambar hukumar NAFDAC, duba ranar da magani zai lalace, kankare lambar sirri da ke jikin wasu kwalaye a tura ta waya don tantancewa, duk waɗannan karatu ne, kuma karatu sana'armu ce. Uwar da ba ta yi boko ba tana da ɗiya a aji huɗu da za ta iya karanta mata kwanan wata, idan mun koya mata inda za ta duba.

Mu juyo kan kuɗi, inda ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Malamai suna cikin waɗanda masu damfara suka fi so, saboda albashinmu kaɗan ne amma ana sa ran zuwansa. A Disambar 2016 tsarin MMM ya rufe asusun jama'a, mutane masu ɗimbin yawa suka yi asara. A Afrilun 2025 CBEX ya rushe da dukiyar mutane a kan idonmu. Suna ne kawai ke sauyawa, dabarar ɗaya ce: a biya na farko da kuɗin na baya, har ranar da sababbin shiga suka ƙare. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da ya fi ciwo shi ne, idan malami ya shiga, ba shi kaɗai yake shiga ba. Maƙwabta suna cewa ai Malam ya sa kuɗinsa, sai su bi. Amanar da ake ba mu ita ce ake farautar jama'a da ita.

Sai bashin da ake cirewa daga albashi. A ce maka kuɗin ruwa biyar cikin ɗari ne kacal, ba a ƙarasa maka cewa a kowane wata ne ba. Mu da ke koyar da lissafi mu yi shi a allo: wanda ya karɓi Naira 100,000 a kan biyar cikin ɗari duk wata, na tsawon shekara, Naira 160,000 zai biya, ban da kuɗin fom da na inshora da ake zarewa tun kafin kuɗin ya shigo hannu. Wannan ban da abin da addininmu ya faɗa a kan riba, wanda ba sai mun tuna wa kowa ba. A reshenmu mun ga abokin aikin da ya gama biyan bashi amma aka ci gaba da cire masa har wata uku. Ya yi ta zirga-zirga shi kaɗai, kullum a ce ya dawo gobe. Da sakataren reshe ya tattara takardun albashin mutum biyar masu irin wannan kuka, ya rubuta wasiƙa ɗaya da hatimin ƙungiya, ba a yi mako biyu ba aka mayar musu da kuɗinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wurin aikinmu ma yana cikin lissafi. Ba mu manta da Jangebe ba, inda aka kwashe ɗalibai mata 279 a ranar 26 ga Fabrairun 2021, ko ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Sabon Gida a Satumbar 2023. Malamin da ke bin hanyar Tsafe ko ƙauyukan Bungudu kowace safiya ya san abin da yake ɗauka a ransa. Tsaron hanya ya fi ƙarfin reshe, sai dai kira da addu'a. Amma akwai haɗarin da bai fi ƙarfin biro da takarda ba: rufin da ya lanƙwasa yana jiran iskar farkon damina, bangon da ya tsage, rijiyar da ba murfi, makewayin da ya rufta. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Mu nawa ne muka taɓa tambayar ko ana biya mana kason da dokar ta ɗora wa mai ɗaukar aiki?

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce. Za su ce malamin da ke fama da yara fiye da kima a aji ɗaya, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, shi za a ƙara wa aikin NAFDAC? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce mu sauke wa hukuma nauyinta ba. Akwai NAFDAC, akwai hukumar kula da ingancin kaya ta SON, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da dokar 2018 ta kafa. Amma jami'ansu nawa ne za su zagaye kasuwannin ƙauye na ƙananan hukumomi 14? Mu kuwa kusan babu mazaɓar da ba mu da mutum a cikinta. Hukuma tana aiki ne da ƙorafin da ya iso teburinta a rubuce, da kwanan wata da shaida. Bagega ta nuna mana haka. Wasu kuma za su ce za mu jawo wa kanmu gaba da 'yan kasuwa. Ɗan kasuwar kirki abokinmu ne a wannan tafiya, domin mai algus shi ke karya masa farashi. Kuma ba baƙon abu muka kawo ba. Alƙur'ani yana da sura guda da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma malaman Daular Sakkwato sun yi rubutu a kan hisba da kula da ma'auni a kasuwa. Ƙasar da ta haifi malaman 'Yandoto ba ta buƙatar wani ya koya mata cewa mai ilimi yana da haƙƙin faɗakarwa a wuyansa.

Saboda haka muna ba shugabannin rassanmu shawara. A kafa ƙaramin kwamiti a kowane reshe, mutum uku sun isa, da mace aƙalla ɗaya a ciki, domin malamai mata su ke shiga gidajen da mu ba ma shiga. A ba su littafi guda da za a riƙa rubuta kowane ƙorafi: me aka saya, a ina, yaushe, tare da kwalin ko rasit ko takardar albashi. Duk ƙarshen zango a tace, a rubuta wa hukumar da abin ya shafa da sunan ƙungiya, a karanta amsarta, ko shirunta, a gaban taro. Kada reshe ya bar wani mai ba da bashi ko mai tallar zuba jari ya yi magana a taron malamai sai ya kawo shaidar rajistarsa da jimillar abin da za a biya a rubuce. A ƙarfafa adashi da ƙungiyar gama kai ta malamai, don mai buƙatar gaggawa ya sami inda zai dosa. Kafin kowace damina, wakilin ƙungiya a kowace makaranta ya zagaya da shugaban makaranta su rubuta abin da ya lalace, a miƙa wa sakataren ilimi, a ajiye kwafi. A nemi ma'aikatan lafiya su zo taron iyaye da malamai su yi bayanin dalma, musamman a garuruwan da ake haƙa. Duk wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Littafi ne da biro da naci.

Iyalanmu da ke karanta wannan mujalla, musamman iyayen gida, ku ne kan gaba. Ku ke auno hatsi, ku ke ba yaro magani da tsakar dare, ku ke ganin abin da ake shanyawa a gidan maƙwabta. Idan kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa, ku ajiye kwalin, ku turo mana.

Yaran da aka haifa a Dareta da Bagega a shekarar annobar, waɗanda Allah Ya raya, yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu suna ɗauke da tabon da ba ya gogewa. A wancan lokaci za a iya cewa ba a sani ba. Yau an sani, kuma mu muna cikin waɗanda suka sani. Muna roƙon a sa wannan batu a ajandar taron reshe mai zuwa, a tattauna shi, a kaɗa masa ƙuri'a.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya tsare mana zuri'armu da guminmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Amin.